Minti Uku

Shekara arba'in da ɗaya
ina tashi kafin a kashe fitilun tashar jiragen ruwa ta Wakkanai,
in ɗora tukunyar da ta fi ni ƙugu:
ƙasusuwan kaji, busassun 'yan kifaye da na cire wa kai tun dare,
ganyen teku mai faɗin tafin hannun mijina,
citta, tafarnuwa, lawashi ɗaure da zare.
Awa goma sha ɗaya.
Ba a barin ta ta haukace da tafasa,
sai dai ta riƙa numfashi, ɓul, ɓul,
kamar tsoho a barcin rana.

Masunta sukan shigo da ƙanƙara a gira,
su zuƙi taliya da ƙara, fuuut,
don a garinmu shirun mai ci zagi ne ga mai girki.
Tomekichi yakan jingina da ƙofa ya ce:
Fusae, ke kike dafa dutsen,
mu muke shan romon.

Yanzu shagon ya zama ma'ajiyar kekuna.
Tomekichi yana cikin hoto a kan kanta, hularsa a karkace.
Hannuna na dama ya koyi rawa ba kiɗa,
ludayi ma ya fi ƙarfinsa.

Ran Asabar jikata Chizuru ta zo daga Sapporo
da leda fal, ta zazzage a kan tabarma.
Wannan ramen na miso ne, Kaka, wannan na gishiri,
wannan ja, barkono ne zalla, kada ki kusance shi da dare,
wannan kuwa an zana masa jatan lande a murfi,
in kin tsinci biyu a ciki, kin yi sa'a.
Na ce: 'yar nan, ni za ki kawo wa romo a ƙunshin gari?
Ni da wuta ta lashe wa gira har sau biyu?
Ta yi dariya, ta jona buta.

Minti uku, in ji rubutun.
Ta danne murfin da tsinkayen cin abinci kada tururi ya gudu.
Muka zauna.
Ban taɓa sanin minti uku na da ɗaki a ciki ba.
Na ji iska tana girgiza taga.
Na ga ta rage gashi.
Na ga ɗan tabon nan a haɓarta,
wanda ta samo a dakalin shagona tana 'yar shekara huɗu,
ranar da ta yi ta kuka
ni ko waiwaye ban yi ba,
ina kwashe kumfa daga bakin tukunya.

Ta buɗe.
Gishiri ya yi yawa. Taliyar ta nuna a gefe, tsakiya da saura.
Ba zan yi ƙarya ba, wannan ba romo ba ne,
labarin romo ne daga bakin wanda ya ji a wajen wani.
Amma na shanye tas,
na kuma zuƙa da ƙara, don ta ji.

Tun da ta koma, in dare ya yi
nakan jefa 'yan kifaye biyu cikin butar a ɓoye,
in fasa ƙwai a kai,
in yanka lawashi da almakashi
tunda wuƙa ta daina jin maganata.
Nakan ɗiba kaɗan a ƙaramin kofi in ajiye gaban Tomekichi.
Bai ce komai ba. Dama shi ba ya ƙin abinci.

Na miso ya ƙare. Na gishiri saura ɗaya.
Jan nan yana saman firji, ban taɓa ba.
Ta ce tana tafe idan ƙanƙara ta narke,
ni kuwa ina da sauran kallo da zan yi wa fuskarta
kafin murfi ya buɗe.