Randar Cima

Randar da Cima ta zo da ita cikin kayan ɗaki
ta daina sanyaya ruwa tun shekarar da na bar gidan waya.
Na kifa mata lasifika a baki,
na liƙe gefen da ƙaro da tsumma,
yanzu in ganga ta buga
daga cikin yumɓun Adar take fitowa.
Cima ta ce sata ce. Na ce aro.
Shekara goma sha ɗaya muna wannan shari'a.

Ba na saurare da rana.
Rana ta masu babur ce da injin niƙan maƙwabta.
Sai bayan lisha, in Kurfayawa ta yi tsit,
in kuran bai gudu ba.
In ya gudu kuwa, pil shida, manya,
waɗanda na shanya bisa kwano tun hantsi
ko za su kai ni rabin fuskar kaset.

Ɗari biyu da bakwai ne a kwalin shayi.
Na san wanda injin ke taunawa, na san mai jan ƙafa.
Bik a rami, in juya, in juya,
kamar tsohuwa da mazari,
don kada a ci mini wuta a banza.
Wanda ya tsinke, jan farcen Habsu ya ɗinke shi.

Mai gurmin nan na wajen Buza,
kaset ɗinsa na fari ya gama magana.
A zaure aka ɗauke shi, kana jin akuya,
kana jin zobe na taɓa ƙwarya,
kana jin sanda ya haɗiye yawu.
Da ya je birni yin na biyu
suka sallami mai ƙwarya, suka kawo inji,
injin da ba ya gajiya, ba ya kuskure,
ba ya jiran mawaƙi ya ja numfashi.
Miya ta yi kyau a ido, ba daudawa.
Arzika ya ce tsufa ke damuna.
Na ce ko a na farin, fuska ta biyu ta fi,
ya ce wa ya taɓa ɓoye nama ƙarƙashin tuwo?
Muka kwana uku ba gaisuwa.

Shi ne ya danna jan maɓalli wata Lahadi,
ya dawo daga kasuwa, hannu duk man tsire,
yana neman inda ake ƙara murya.
A tsakiyar waƙa ta huɗu gurmi ya ɗauke,
sai muryarsa: "Nomau, abin naka ya mutu ne?"
sai tawa, da zagin da ba zan rubuta ba,
sai dariyar Cima daga madafa,
sannan gurmi ya dawo kamar ba a yi ba.

Bara ɗana ya aiko daga Abijan
da wani abu kamar curin sabulu
da ɗan kati, bai kai farce ba.
Ya ce waƙa dubu uku na ciki, Baba,
har da ta huɗun, garau, ba tabo.
Na saurara. Gaskiya ne, garau take.
Amma da aka zo wurin,
na buɗe baki zan yi zagin,
mai gurmi ya wuce abinsa bai tsaya ba,
ya rera baiti biyu da na manta akwai su.

Arzika ya riga mu, damina ta uku ke nan.
Curin sabulun na ba Habsu, yana taya ta wanki.

Kunnen hagu ya fara rufe shago.
Nakan juya kujera in ba randa na dama.
Ba na yawan sa kaset ɗin, zaren ya yi siriri,
sai ranar da aka biya fansho.
Cima takan fito ta tsaya bakin ƙofa
da tsintsiya, ko ba shara,
ta jira dariyarta ta wuce,
sannan ta ce, "Gobe ina son randata."