Ruwan Jegon Luba

Kwana tara da haihuwar Luba,
tun ladan bai gyara murya ba
Ige ta tashe ni, ashana a hannu:
"Malam, murhun nan ya ƙi."

Babban murhun gas da surukina ya sayo
don ya hutar da mu itacen kwana arba'in,
ga shi a tsakar gida ya coge
kamar jakin da ya hango kwalbati.
Ruwa a garwa sanyi ƙalau,
ganyen darbejiya na jira a kwando.

Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi
a Runjin Sambo
ban san ta inda wuta ke shiga ba,
balle ta inda take fita.
Na kira Jelani mai gyara.
Ya ɗauka da barci a bakinsa:

"Baba, hancinka za ka fara tambaya.
In ka ji wari, aje ashana,
ko makunnin lantarki kada ka taɓa."

Na shinshina.
Turaren jariri kawai, da raɓa.

"Ɗaga tukunyar, da sauran nauyi?"
Ƙuguna ya ba shi amsa.

"Kaɗa sabulu, ka shafe tiyo da kumfa
tun daga wuya har gindi.
Inda ta yi ƙwai, nan ɓarawon yake."

Na durƙusa da tocila a haƙora,
ina bin roba kamar mai duba jarrabawa.
Ko kuskure ɗaya babu.

Na ƙyasta. Sai a karo na huɗu ta kama,
ja, raguwa, tana hamma,
tana shafa wa garwa baƙi.

"Mi kag gani?"
"Ja ce, Jelani."
"Ba ta shan iska. Rufe gas, bari shi huce,
kife shi, ka leƙa bututun ƙasa."

Na leƙa.
Zanzaro ya yi gini a ciki,
ɗaki uku na laka, an shafe su tsaf,
kowane da ɗa a kwance.
Ashe gida ɗaya, jego biyu.

Na tsaya da tsinken tsintsiya a hannu.
Ige ta ce, "Ɗiyarka ko ɗiyansa?"
A ɗaki jikana ya tsala kuka,
shi ya yanke shari'ar.

Na ɓamɓaro ginin a hankali,
ɗaki ɗaya ya fashe,
biyun na ɗora bisa katanga
inda rana ba ta kaiwa da wuri.

Wuta ta tashi shuɗiya, kanta ɗaya,
tana gurnani ƙasa-ƙasa.

"Nawa ne, Jelani?"
"A rage mani kunun kanwa."

Ranar raka'a ɗaya na samu,
da baƙin tukunya a hannun riga.