Wuta Ba Ta Zana Cokali

Ran kasuwar Jahun, da hantsi,
Iya Tasalla ta shigo asibitinmu mai ɗaki biyu
tana jan jikanta Sagiru a baya,
hannunsa na dama naɗe cikin tsumma.
"Faɗawa ya yi a murhu," in ji ta,
idonta a ƙasa kamar wadda ta yar da allura.

Na kwance tsumman a hankali.
Shekara goma sha ɗaya ina wanke ƙuna a garin nan:
na ga ta tafasasshen koko, na ga ta garwashi,
na ga ta salansar babur a ƙwaurin yara.
Wuta ba ta da tsari, inda ta samu take lasa.
Amma wannan, a tsakiyar tafi,
ga kan cokali, ga wuyansa,
sau biyu, ɗaya kusa da ɗaya.
Wuta ba ta zana cokali.

Yaron bai yi kuka ba,
rashin kukan kuwa ya fi ciwon ba ni tsoro.
Naira hamsin ce, daga baya na ji,
ya zare a ƙarƙashin tabarma ya sayi awara.

A bango, sama da ma'aunin jarirai,
akwai takarda mai hoton yara suna dariya,
bara aka kawo mana ita daga Dutse.
Yoyon damina ya cinye rabin rubutun.
Jiya na ji a rediyo manyan duniya sun taru
a wani birni bayan teku,
sun sa hannu, sun yi alkawari, sun tafa.
Allah ya saka musu da alheri.
Sai dai alkawari ba shi da ƙafa.
In ya iso bakin fadamarmu, inda kwalbati ya karye,
dole wani ya saɓa shi a kafaɗa ya haye.
Na duba hagu, na duba dama,
ban ga wanin ba sai ni.

Bayan la'asar na sami Hashimu yana yankan riɗi.
Tare muka yi kiwon awaki da shi.
"Ɗana ne," ya ce, lauje a hannu,
"icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."
Na ce, "Haka ne.
Amma ka taɓa ganin reshen da aka ƙone ya yi toho?
Ɗaga rigarka in ƙirga maka
sawun igiyar guga a gadon bayanka.
Har tsohonka ya koma ga Allah
ba ka taɓa cin tuwo a gabansa ka ƙoshi ba."

Ya yi shiru. Riɗi na zuba daga dami.
Ni ma na yi shiru,
don akwai tsumagiya rataye a bayan ƙofata,
kuma in 'ya'yana suka ji ƙarar babur ɗina
wasa ke mutuwa a tsakar gida.

Da dare na buɗe babban littafin asibiti.
A gurbin da na saba rubuta "ƙuna" in wuce,
na rubuta: "Hannun babba."
Biro na rawa, amma na rubuta.
Da safe na kai wa mai unguwa magana,
ya ja tsaki, ya sa hula, ya bi ni.
Tsumagiyar kuwa, uwargida ta dafa shayi da ita.

Ran Asabar Hashimu da kansa ya kawo yaron wanki.
Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.
Ciwo ya fara kamewa.
Ƙuda ya sauka a goshin Sagiru,
na ɗaga hannu in kore shi,
sai yaron ya ƙanƙame, ya kare kai da gwiwar hannu.

Uban ya gani.
Wannan ƙunar ba ni da maganinta a kwaba.