Hantar Mahauci

Shekara talatin da ɗaya ina fiɗa a mayankar Kaase,
hanta ta bi ta hannuna fiye da sidi.
Ko ido rufe na san ta ƙwarai:
ja wur, sumul, baki kamar na wuƙa.
Na kuma san wadda kitse ya ci,
ta koɗe, ta kumbura, gefenta ya dakushe,
irin wadda malamin duba nama ke turewa gefe.

Yau ga ni rigingine a Komfo Anokye,
an shafe mini ciki da wani abu mai sanyi,
Dakta Serwaa na nuna allo da biro.
Na gane ta kafin a gaya mini.

Na ce ban taɓa kai giya baki ba.
Ta ce ta sani.
Ta yi da Turanci, ta maimaita da Tonanci,
Zulaiha 'yata ta juye mini:

"Baba, akwai wasu mitsi-mitsi cikin jini,
ƙurar gari ta fi su girma.
'Yan faci ne.
Duk ranar da wuƙa ta zame ta sami yatsanka,
su ke rugowa su liƙe bakin
kafin ka lalubo tsumma.
To hanta in ta sha kitse, sai su ji kukan rauni,
su cika lungunanta,
su yi wa fararen dakarun jini kururuwa,
a yi ta faci bisa faci
har wurin ya koma tabo.
In tabon ya tare hanya, saifa ta kumbura ta riƙe su,
a zo ƙirga, a tarar sun ragu."

Ashe shi ya sa asuwakina ke fitowa ja.
Ashe shi ya sa yankan ranar Laraba
ya zuba tun azahar har la'asar.

Na tuna Mumuni mai faci a Aboabo,
da tayar kekena da ya ɗaga sama yana dariya:
"Gariba, facin nan ya fi robar yawa."

Ban ga laifinsu ba.
An kira su ne, suka zo.
Ni ne mai kiran, da romo, da tozo, da shayi cokali huɗu.

Daga Kejetia na ƙi shiga mota.
Zulaiha na gaba da takardun,
ni a baya ina haki,
hannuna a ƙasan haƙarƙarin dama,
yadda nake dafa saniya
in ina son sanin abin da ke ciki.