Dankali Arba'in

Saura wata huɗu a ba ni takardar koyarwa.
Ina zaune a bakin tafkin Titikaka,
sanyin Puno na cizon kunnena,
ina tuƙa da warwarar abin da ya faru a aji.

Kwamfutocin hannu goma aka kawo mana,
yara kuwa talatin da ɗaya.
Na raba su uku-uku.
Wilber ya rage a tsaye,
yana leƙe ta kafaɗar wani
kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba.

Na ce su tambayi na'ura
me iyayensu ke nomawa a kan duwatsun nan.
Kafin ƙiftawar ido ta amsa: dankali.
Yeni ta toshe baki da gefen mayafi.
"Malama, wanne daga ciki?
Kakata ta san arba'in.
Akwai mai baƙin ido,
akwai mai ɗaci da ake shanya wa sanyin dare,
akwai mai lungu-lungu
da ke sa hannu kuka wurin feraya."

Alli ya tsaya a yatsuna.
An ce matambayi ba ya ɓata,
to, amma wa ya tambaya?

Da aka tashi, na samu Wilber shi kaɗai,
na'ura ta zo hannunsa a ƙarshe,
yana bin baƙaƙe da ɗan yatsa.
Na ɗaga waya zan ɗauki hoto.
Uwarsa, Eulaliya, na bakin ƙofa da damin ciyawa.
Ba ta ɗaga murya ba.
"Ina fuskarsa za ta je?"
Shekara uku ina karatu,
ba wanda ya taɓa yi mini wannan jarrabawar.
Na mayar da wayar aljihu.

Malama Fortunata, wadda ta yi furfura a wannan aji,
ba ta ce mini komai ba.
Ta dai nuna mini rajista,
ta ɗora yatsa kan gidajen da babu lantarki.
Sha tara.
Na goge aikin gidan da na rubuta a allo.

Ban tsani na'urar ba.
Wuƙa ce, kuma ina son kaifinta,
sai dai hannun yara zan miƙa wa.

Gobe za mu hau gonar kakar Yeni
da littafi da fensir.
In ta yarda, in ta yarda kawai,
mu dawo mu koya wa na'ura
sauran talatin da tara.
Wilber ne zai fara rubutawa.