Amin ɗin Baba Barnaba

Kefas ya dawo daga Yamai da kamara ta aro
da gemun da bai gama shawarar fitowa ba,
ya ce zai sa mu a fim,
mu ƴan waƙar majami'ar Mirya,
mu goma sha ɗaya, in an ƙirga da Tabita
wadda leɓenta kawai ke motsi.

Labarin, in ji shi, na dariya ne:
za mu gasa Damagaram, mota ta mutu a hanya,
kuma a cikinmu akwai wani tsoho
mai murya kamar ana jan ƙofar kwano.
Duk muka dubi ƙasa.
Baba Barnaba ya gyara hula, ya yi gyaran murya:
"To, wa zai iya wannan? Sai dai in gwada."

Shekara ashirin yana tsaye bayan ƙeyata,
yana shiga baiti kafin ganga,
yana fita bayan kowa ya zauna.
Amin ɗinsa ya fi igiyar rijiyar rani tsawo.
Fasto uku sun zo, sun tafi
da maganar a cikinsu.

Rigunan ni na ɗinka, shuɗi mai bakin rawaya,
jikka huɗu na bin Kefas har gobe.
Akuyar Zabairu mai shayi ta shigo tsakiyar haleluya,
ta cinye shafi biyu na littafin waƙa,
aka bar ta a fim, don ta fi mu sakin jiki.
Motar da aka ce ta mutu da wasa
ta mutu da gaske gab da duwatsu,
muka tura ta cikin rigunan, Fibi na ba da amshi.

Ranar Baba ta zo.
Kefas na ihu, "Ɓata, Baba, ɓata sosai!"
Shi kuwa, don ya ɓata, sai ya nutsu,
ya lallaɓo muryar kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai,
ta fito daidai.
Daidai, na ce. Har mai ganga ya manta hannunsa a sama.
Sau tara ana sakewa, sau tara tana fita sumul.
Da rana ta karkata Kefas ya zauna kan benci:
"Baba, manta da fim.
Yi yadda ka saba ran Lahadi."
Ɗauka ɗaya ta isa.

Bai ga fim ɗin ba.
Ya tafi ana yankan gero, zazzaɓin kwana uku.

Aka haska a bangon lakwal, inji na tari.
Maƙwabta suka zo bayan lisha da tabarmi,
Zabairu na nuna wa kowa akuyarsa.
Da fuskar Baba ta cika bango
ya buɗe baki,
yara suka faɗi ƙasa, manya na riƙe ciki,
ni kuwa na rasa inda zan sa idona,
na juya in ga matarsa.

Rifkatu ce kan gaba a dariya,
ɗankwali ya zame, hawaye har haɓa.
Ta kama hannuna: "Ya sani fa.
Tun kafin aurenmu ya sani.
Cewa yake, Mai Sama bai aiko neman zaƙin murya ba,
cewa ya yi a zo."

Yanzu ran Lahadi tare muke farawa,
tare muke tsayawa, cak, kamar an yanka da almakashi.
Sabon fasto har yabo yake.
Amma bayan ƙeyata akwai wani shiru
mai tsawon mutum.

Jiya na ja amin ɗina
ya wuce na kowa da numfashi biyu.
Tabita ta waiwayo.
Sai na ji wata siririyar murya ta kama mini,
can gefe da hanya, ba kan layi ba sam.
Tata ce.