Saƙar Zuci a Tsibirin Lewis

Shekara talatin da ɗaya ina zama a bencin baya,
inda iskar teku ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar majami'a.
Sau biyu a shekara ake shimfiɗa farin ƙyalle a teburin Ubangiji,
mutane su miƙe ɗaya bayan ɗaya,
ni kuwa in danne hulata a cinya
ina ƙirga ƙusoshin daɓe.

Ba wai ban ba da gaskiya ba ne.
Tambaya guda ce, ta fi ƙaya tsini:
Tormod, da kai a ciki?

Ni masaƙi ne. Ulun tumakinmu nake bugawa
a rumfar kwano bayan gida,
ƙafa na takawa, ƙoshiya na kai da komo.
Saƙar hannu tana da ƙarshe:
a naɗe ta, mota ta kwasa zuwa Stornoway.
Saƙar zuci ce ba ta da bakin zare,
in ƙulla da safe, in warware da dare.
Ran da na yi hawaye a addu'a, sai in ce na tsira.
Ran da zuciya ta bushe kamar kifin shanya,
sai in ce ashe dama ruɗin kai ne.

Seonag takan ce, "Kai dai kana awon teku da cokali."
Ta riga ni zuwa teburin.
Ta kuma riga ni zuwa maƙabartar bakin yashi.

Wani daren Janairu guguwa ta tsinke wayar wuta.
Na kunna fitila, barci ya ƙi,
na jawo Littafin da ta bari a gefen gado,
bangonsa ya yi laushi don yawan riƙo.
Wani shuɗin zare, ragowar saƙata,
shi ta sa alama a shafin Makiyayi da tumakinsa.
Na karanta wurin nan ya fi sau ɗari,
amma daren nan na bi shi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya,
na tsaya ina tambayar kalmomin:
wa ke riƙe da wa?

Na duba sama, na duba ƙasa,
ban ga inda aka auna ƙarfin tunkiya ba,
ban ga inda aka ƙirga hawayenta ba.
Hannun da aka ambata, nasa ne.

Sai na tuna tunkiyar da ƙanƙara ta binne mini bara
a gindin katangar dutse.
Ba ta taɓa ganin tsagar da ke kunnenta ba,
ba ta san jan fentin da ke gadon bayanta ba.
Ni na sani. Ni na tona.
Na saɓo ta a kafaɗa tana harbina,
ban ajiye ta don ta yi shakkata ba.

Na daɗe zaune har man fitila ya ƙare.

Da watan Maris na je gaban dattawan ikilisiya.
Aonghas ya ce, "Me ka ji a ranka?"
Na ce, "Yau kam ba kome. Amma ga abin da aka rubuta."
Ya yi shiru, ya goge tabarau,
ya danƙa mini 'yar alamar dalma mai sanyi.
Taku goma sha huɗu ne daga bencina zuwa teburin,
gwiwa na rawa na yi su.

Kada in yi muku ƙarya, shakka ba ta yi ƙaura ba.
Takan zo da asuba ta zauna kusa da murhu,
ta san inda nake ajiye shayi.
Na dai daina jayayya da ita.
Nakan buɗe inda shuɗin zaren yake,
in ɗora yatsa, in ce mata karanta da kanki,
sannan in fita rumfa,
akwai yadi sittin da ke jirana kafin Juma'a.